Awa Ɗaya da Rabi

Gyaran agogo nake yi a bakin Kantin Kwari.
Shekara talatin ina buɗe cikin lokaci da ɗan tsinke,
na san inda minti yake kwana,
na san ƙurar da ke sa daƙiƙa ɗingishi.
Sai ga Rumasa'u ta miƙo mini wayarta:
Kano zuwa Legas, awa ɗaya da rabi.
Na ce, sake karantawa.
Ta ce, Baba, kilomita ɗari takwas ne da 'yan kai,
in ta sama aka auna,
can da babu kwana, babu rami, babu mai tsayar da kai ya ce ina takardu.

Mahaifina ya je Ikko a jirgin ƙasa da buhunan albasa.
Kwana biyu yana zuwa,
ya dawo da huhun goro, da ƙafa a kumbure,
da labarin da muka yi wata guda muna gutsura.
Wace irin tafiya ce wannan
da ko ganda ba za ta nuna a cikinta ba?

A filin jirgi suka ɗora jakarta a sikeli,
ta zarce da kilo biyu.
Ta durƙusa a gaban jama'a ta zuge zif,
ta ciro kuka da daddawar da uwarta ta cusa da asuba,
ta danƙa mini ledar, tana dariya,
idon nan kuwa ya kawo ruwa.
Ban ce komai ba. Na gyara mata hannun jaka, wanda ba abin da ya same shi.

Huɗu da minti goma ya ɗaga.
Na duba tsintsiyar hannuna, aikina ke nan,
na bi shi da kallo har ya koma kamar allura, har ya ɓace a hadari.

Sai neman adaidaita.
Na farko ya ce Dorayi ta yi nisa.
Na biyu ya yanka kuɗin da ya sa na yi masa addu'a.
Na uku ya ɗauke ni, ruwa ya tsuge,
tirela ta mutu a tsakiyar titi, ta kwanta kamar saniyar da ta ƙi kasuwa,
muka tsaya, muka ja, muka tsaya,
warin daddawa ya cika keken har wata mata ta toshe hanci da mayafi.

Ban kai Kabuga ba waya ta yi ƙara.
Baba, mun sauka. Har na ɗauki kayana.
Na ce, ni ko gida ban je ba.
Direban ya ji, ya buga sitiyari yana ƙyaƙyatawa:
Alhaji, da ka sani ka bi ta!

Dariyar ba ta zauna mini ba.
Lissafi ne ya taso, irin wanda ba a so.
Daga shagona zuwa ƙofar Yaya Halliru a Koki
minti goma sha biyar ne a ƙafa, in mutum bai tsaya gaisuwa ba.
Na sani, don na sha aunawa.
Shekara tara ke nan ban isa ba,
tun ranar da aka ja igiya a tsakar gidan mahaifinmu
aka ce nan naka, nan nasa,
rijiya ta faɗa ɓangarensa, bakina ya faɗi abin da ya faɗa.

Wane sikeli ne zai gaya mini kilo nawa na zarce?
Me zan ciro in ajiye kafin a bar ni in wuce?

Da daddare uwar Rumasa'u ta tambayi ledar.
Na ce tana nan.
Halliru, tun muna yara, ba ya ɗaga kai daga miyar kuka.

Ban ce zan je ba.
Da safe dai na tafi da ledar shago,
na rataye ta a ƙusa, kusa da agogon da ke tafiya daidai.